Kyamarar Naira Miliyan 6: Ko Ta Dace Da Mai Hoton Abbaganaram?

Ran 17 ga Yuli na 2024 ne kamfanin Canon na ƙasar Japan ya yi shelar sabuwar kyamararsa mai suna EOS R5 Mark II, ya kuma fara sayar da ita cikin watan Agusta a kan dalar Amurka 4,299. Wannan kuɗi kuwa na kyamarar ne tsurarta, ba gilashi, ba katin memori, ba jaka.

Makonni kaɗan bayan haka, a daren Litinin wayewar Talata, ran 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo Maiduguri irin shigowar da ba a gani ba tun 1994. Ruwa ya mamaye Gwange, da Shehuri, da Gamboru, da Kasuwar Monday, da harabar fadar Mai Martaba Shehun Borno. A Abbaganaram har katangar gidan yari ya rushe, fursunoni fiye da 270 suka yi layar zana. Mutane sama da 400,000 suka bar gidajensu. Cikin abin da ruwa ya ci har da albam-albam na biki da suna, da hotunan iyaye da kakanni da ke rataye a bango, waɗanda ba wanda zai sake wanko su domin dodon hoton ya daɗe da ɓata.

To, a irin wannan unguwa, wadda har wa yau mutanenta suna ɗinke ɓarakar da ruwa ya bari, saurayi mai sana'ar hoto yana kallon wannan kyamara a wayarsa kullum, yana ganin abin da masu hoton Ikko da Abuja ke yi da ita, zuciyarsa tana raya masa cewa ita ce kaɗai ta tsaya tsakaninsa da manyan ayyuka. Wani zai sayar da fili, wani zai ci bashi, wani kuma zai bugo wa yayansa da ke Agege ko Idi-Araba waya ya ce a taimaka a sayo masa. Saboda haka maganar ta shafi masu karatu na Kudu kamar yadda ta shafi na Yerwa.

ABIN DA KE CIKINTA

Gaskiya dai ita ce, kyamarar ba ta da makusa wajen aiki. Farantin da ke karɓar haske a cikinta yana da ɗigo miliyan 45, watau megafiksel 45 a bakin masu sana'ar. Tana iya ɗaukar hoto 30 cikin daƙiƙa guda ba tare da an ji ko ƙyas ba, abin da ke da amfani a wajen ɗaurin aure ko cikin masallaci, inda ƙarar kyamara kan dami dattawa. Tana kuma da wata dabara: muddin mai hoto ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya ɗan danna, ta riga ta fara tara hotuna, sa'an nan in ya danna gaba ɗaya sai ta ajiye masa na rabin daƙiƙar da ta wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal ranar hawan Salla, doki ya yi tsaye da ƙafa biyu shi kuwa yatsansa ya makara, ya san darajar wannan rabin daƙiƙa.

Wajen saita ido kuwa, nan ne ta fi ba da mamaki. Tana gane fuskar mutum da idonsa, tana gane tsuntsu da doki da mota, in ta kama abu ba ta saki. Ana iya nuna mata fuskokin mutum har 10 ta riƙe, ta yadda in amarya ta shigo tsakiyar ƙawayenta, kowa ya naɗe da lafaya iri ɗaya ta anko, kyamarar za ta tsallake kowa ta nufi fuskar amarya. Har wa yau tana lura da ƙwayar idon mai hoton kansa, inda ya duba cikin madubin leƙe nan za ta saita, ko da yake wannan ba kowane ido yake yi wa daidai ba, musamman masu sa tabarau. Akwai ma wani saiti na wasan ƙwallon ƙafa da na kwando da na raga, wanda ke bin ɗan wasan da ƙwallo ke wurinsa. Mai ɗaukar wasannin El-Kanemi Warriors, waɗanda suka ci Kofin Tarayya a Ikko cikin Yuni na 2024 bayan sun lallasa Abia Warriors da ci 2 da nema, ba shakka zai so wannan.

Bidiyo kuma tana ɗauka har matakin da ake kira 8K, wanda ya ninka 4K sau huɗu.

In mutum ya tuna cewa kyamarar dijital ta farko, wadda wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa a 1975, ɗigo 10,000 kacal gare ta, nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset, zai san an yi nisa. Amma tambayar da ke gaban mai hoton Abbaganaram dabam ce, watau shin wa zai biya shi kuɗin wannan nisa?

LISSAFIN KUƊI

Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala tana wajen Naira 460 a hukumance. A wancan canji dala 4,299 ba ta cika Naira miliyan 2 ba. Amma in aka yi lissafi a kan Naira 1,500, kusa da inda canji ya yi ta kai-kawo a 2025, kuɗin ya tasam ma Naira miliyan 6 da rabi. Albashi mafi ƙanƙanta da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a Yuli na 2024, watau a watan da aka yi shelar kyamarar, Naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na wata 92, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe ta a hannu. Shekara 7 da wata 8 ke nan.

Wannan fa kafin a zo kan gilashi. Wadda kamfanin ya haɗa da gilashi mai lamba 24-105 ya sa mata dala 5,399, watau Naira miliyan 8 da 'yan kai. Sa'an nan ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, ga ribar ɗan kasuwa.

Bari a ƙaddara, don misali kawai, cewa bayan mai hoto ya fitar da kuɗin wanki da albam da firem da Keke Napep da na yaron da ke riƙe masa fitila, Naira 50,000 ke saura masa a biki guda. Sai ya yi biki 162 kafin ya mayar da miliyan 8 ɗin nan. In yana samun biki 3 a wata, shekara 4 da rabi ke nan, alhali kowa ya san biki yana da lokaci: ana rububinsa gabanin azumi da bayan Salla da ƙarshen shekara, sauran watanni kuwa sai a hankali. Kuma ko wannan lissafi an yi wa kyamarar sassauci ne, domin waɗannan bukukuwa dama yana samun su da tsohuwar kyamararsa. Abin da ya kamata ya lissafa shi ne ƙarin da za a yi masa saboda sabuwar. Uwar amarya da ke ciniki a ƙofar shago ba ta tambayar lambar kyamara. Abin da take tambaya shi ne hoto nawa za a wanke, da girman firem, da ranar da za a kawo albam.

INA ƊIGON KE TAFIYA?

Nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, domin yawan ɗigo shi ne abin da 'yan kasuwa suka fi ruɗar mutane da shi.

Hoton da aka wanke da kyau yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 8 da inci 10, irin wanda ake sa wa firem a ajiye a kan talabijin, ɗigo 2,400 ne sau 3,000, watau miliyan 7 da ɗan ɗoriya. Shafin babban albam mai inci 12 da 18 bai cika miliyan 20 ba. Ke nan tsohuwar Canon 5D Mark III ta 2012 mai ɗigo miliyan 22, ko Nikon D750 ta 2014 mai miliyan 24, kowace ta ishi albam har da saura. Miliyan 45 kuwa zai ba da hoto mai inci 27 da 18 wanda ko an kafa masa ido kusa ba za a ga tsaga ba. Sau nawa ake neman irin wannan a shekara? Manyan allunan 'yan siyasa da ake kafawa a shataletale ma daga nesa ake kallonsu, saboda haka ba su bukatar ɗigo mai yawa kamar yadda ake zato.

Bugu da ƙari, yawancin hotunan biki na yanzu ba su kai wa ga takarda. A WhatsApp ake tura su. Shi kuwa WhatsApp, in ba an zaɓi saitin HD da ya fito da shi a 2023 ko an tura hoton a matsayin fayil ba, matse shi yake yi ya koma wajen ɗigo miliyan 2. Watau mutum ya sayi miliyan 45, amma abin da zai isa wayar gwaggon amarya a Njamena ko Jidda bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Hoton fasfo kuwa, wanda shi ne cefanen yau da kullum na ƙananan shaguna, ko wace irin kyamara ta ishe shi, kuma shi ma kasuwarsa ta ragu tun da hukumar katin ɗan ƙasa da hukumar JAMB suka koma ɗaukar hoton mutum da kansu a wurin rajista.

Inda yawan ɗigo ke da rana shi ne wajen yanka. In an ɗauki hoton taron mutum 60 a ƙofar gida bayan ɗaurin aure, ana iya yanko fuskar dattijo ɗaya a yi mata firem ta fito tas. Wannan amfani ne na gaske, sai dai ba kullum ake bukatarsa ba.

Ɗigo kuma yana da nauyi. Ɗanyen hoto guda na wannan kyamara, wanda ba a matse ba, yakan kai megabait 45 ko fiye. A hoto 30 cikin daƙiƙa guda, mutum ya riƙe maɓalli na daƙiƙa 3 ya tara gigabait 4. Ɗanyen bidiyo na 8K kuwa yana cin kusan gigabait 20 a minti ɗaya, ta yadda kati mai gigabait 128 ba zai kai minti 7 ba. Katin ma ba irin na kasuwa ba ne da aka saba, wani ne mai suna CFexpress, mai tsada, ko da yake akwai rami na biyu na katin SD. Daga nan sai a tarar tsohuwar kwamfutar shago ba ta iya jan waɗannan fayiloli, sai an sake wata. Kowace ƙofa aka buɗe, wata ce a bayanta.

ZAFI, ƘURA DA WUTA

A cikin takardar kyamarar, kamfanin ya rubuta cewa an yi ta ne don aiki tsakanin ma'aunin zafi 0 zuwa 40. Duk wanda ya yi bazara a Maiduguri ya san cewa a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura 40 a inuwa, balle a tsakar filin Ramat. Wajen ɗaukar hoto tsaye wannan ba ya cika hana aiki. Wajen bidiyo ne matsalar take. Yayarta, watau EOS R5 ta farko da ta fito a 2020, ta yi ƙaurin suna a duniya wajen ɗaukar zafi ta tsaya cik in ana ɗaukar 8K. A wannan sabuwar an yi gyara, an buɗe mata hanyar iska, har an yi mata wani mariƙi mai fanka da ake ɗaurawa a ƙasanta. Amma mariƙin daban ake sayensa, kuma fanka iskar da ta samu ita take hurawa. In iskar ta bazarar Yerwa ce, to, a rage buri.

Sai ƙura. Tsofaffin kyamarori suna da madubi a ciki wanda ke tsaye gaban farantin haske. Waɗannan na zamani an cire musu madubin, shi ya sa suka fi sauri da sauƙin nauyi. A nan dai Canon ya yi tunani, domin in an kashe kyamarar labulen ciki yakan sauko ya rufe farantin. Duk da haka, wanda ke sauya gilashi a waje lokacin hunturu, iskar arewa tana kwaso ƙura daga wajen Tafkin Chadi, zai ga ɗige-ɗige a sararin samaniyar hotunansa. An kuma toshe mata kafofi don yayyafi da ƙura, amma kada kowa ya ɗauka wannan yana nufin za ta tsira in ruwa ya shiga ɗaki irin na Satumba 2024.

Maganar wuta kuwa, mutanen Maiduguri ba sai an ba su labari ba. A Janairu na 2021 aka fasa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasawa, birni ya yi watanni cikin duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Maris na 2023 ta kawo sauƙi, amma ba mai sana'ar da ya jefar da janaretansa, ga man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi ran 29 ga Mayu na wannan shekarar. Kyamara marar madubi kuwa cin batir gare ta, domin madubin leƙenta ɗan ƙaramin talabijin ne. A ma'aunin da kamfanonin Japan ke amfani da shi, cajin batir ɗaya na R5 Mark II yana ba da hoto wajen 340 in ana leƙe, alhali 5D Mark III tana ba da 950. A aikace akan samu fiye da haka, amma tazarar tana nan. Mai zuwa wushe-wushe, wanda akan raba dare ana yi, sai ya tanadi batir 3 ko 4. Batirin ma sabon samfuri ne mai lamba LP-E6P. Tsofaffin na shiga, amma wasu daga cikin manyan ayyukan kyamarar ba su tashi da su, ga kuma jabu da suka cika kasuwa.

In ta lalace fa? Kyamarar fim ta da, mai gyaran agogo ma yakan buɗe ta ya taɓa. Wannan kuwa kwamfuta ce mai ido. Manyan dillalai da masu gyaran da ke da kayan aikinta suna Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Wadda aka shigo da ita a jakar matafiyi daga Dubai ko Amurka kuma sau da yawa takardar garantinta ba ta aiki a nan. Mai kyamara ɗaya tak, in ta tafi gyara a makon da ya karɓi kafin alƙalami na biki 2, ya shiga uku, domin ba a ɗaga ɗaurin aure saboda mai hoto.

SU WA TA DACE DA SU?

Ba a ce ba wanda ya kamata ya saye ta a Borno ba. Akwai masu hoton da ke sayar wa kamfanonin dillancin labarai na duniya, da masu yi wa ƙungiyoyin agaji aiki, da masu shirya fim na tarihi, waɗanda akan gindaya musu sharaɗin irin kayan da za su yi aiki da su, kuma akan biya wasunsu da dala. Wanda kuɗin shigarsa dala ne, farashin dala ba ya firgita shi. Irin wannan mutum, in aikinsa ya haɗa hoto da bidiyo, kyamarar za ta fanshi kanta.

Amma fa ko wannan kasuwa ta yi sanyi. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri tun wajen 2016 sun samar wa matasa da yawa aikin hoto da bidiyo. A Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma aka rufe hukumarta ta USAID. A wannan watan ne Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗin ciyar da mutane a Arewa maso Gabas ya ƙare mata. Ƙungiyar da ke neman kuɗin abinci, ba ta kan mai hoto take ba. Wanda zai ci bashin miliyan 8 da fatan irin ayyukan 2018, ya sake tunani.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar kyamara ba. Abbaganaram tana cikin unguwannin da suka ɗanɗana kuɗarsu tsakanin 2011 da 2013, shekarun da aka hana hawa babur a birni, aka kuma katse layukan waya bayan dokar ta-ɓaci ta Mayu 2013. An samu sauƙi ƙwarai tun daga lokacin, amma mutanen da suka ga wancan zamani ba su cika sakin jiki da baƙon da ya nufo su da dogon gilashi ba. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne sallama, da sanin mai unguwa, da iya gaisuwa da Kanuri ko Shuwa, da neman izini kafin a ɗaga kyamara, musamman a cikin gida wajen mata. Fati Abubakar, 'yar asalin Maiduguri wadda ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, ta yi suna har manyan jaridun Amurka da Turai suka buga labarinta, saboda ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Salla a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙi da gawa. Haka nan Rahima Gambo, wadda ta bi ɗalibai cikin makarantun birnin ta yi aikin da ta kira Education is Forbidden. Abin da aka yaba a ayyukan nan biyu shi ne kusancinsu da mutane, kuma wannan ba a sayar da shi a Ikeja.

Ga mai hoton biki da suna da saukar karatu da yaye ɗaliban Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, amsar a fili take: wannan kyamara ta fi ƙarfin aikinsa, kuma kuɗinta zai fi yi masa amfani a wani wuri.

INDA KUƊIN ZAI FI AMFANI

Hoton biki a Borno yawanci na dare ne ko na cikin ɗaki, inda hayaƙin turaren wuta ya cika wuri, fitila kuma ba ta da ƙarfi. Abin da ke raba hoto mai kyau da marar kyau a nan shi ne haske. Fitilar filasha 2 da ake kafawa nesa da kyamara, da lema mai tausasa haske, da gilashi mai faɗin baki irin 50mm f/1.8 wanda kuɗinsa bai kai kashi 1 cikin 20 na sabuwar kyamarar ba, za su canza hoton mutum fiye da yadda ƙarin ɗigo miliyan 20 zai yi. Baƙar fata da farar shadda a hoto ɗaya, ga zanen hular Zanna Bukar da ake so ya fito, wannan aikin iya haske ne.

Wanda kuwa ya ƙudura lalle sai ya koma marar madubi, yana da hujja, domin can duniya ta nufa. Shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa tun Disamba na 2021 cewa 1D X Mark III ita ce ta ƙarshe cikin manyan kyamarorinsu masu madubi. Kasuwar ma gaba ɗaya ta tsuke: a 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarar dijital sama da miliyan 120, a 2023 kuwa ba su cika miliyan 8 ba, domin waya ta cinye ƙananan. Shi ya sa suka koma yin masu tsada don 'yan kaɗan. To, amma akwai matakai a ƙasa da R5 Mark II. EOS R6 Mark II ta 2022, mai ɗigo miliyan 24, ta fito a kan dala 2,499, tana gane ido da doki, tana da ramin katin SD guda 2. EOS R8 ta 2023 faranti ɗaya gare su da ita, ta fito a kan dala 1,499, sai dai ramin katinta ɗaya ne, batirinta kuma ƙarami. A Nuwamba na 2025 an fito da R6 Mark III, abin da kan sa farashin wadda ta gabace ta ya sauko. Dukansu suna karɓar tsofaffin gilasan Canon ta hanyar wani ɗan zobe da ake sawa tsakani, saboda haka kada kowa ya yi gaggawar rabuwa da gilasansa. Wannan muhimmi ne, domin sababbin gilasan RF na asali tsada gare su.

Ramin kati 2 ɗin nan kuwa kada a raina shi. Kyamara tana rubuta kowane hoto a katin biyu lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Bayan gobarar Kasuwar Monday ta ran 26 ga Fabrairu 2023 da ambaliyar 2024, mai hoton da ke ajiye aikin shekaru a kwamfuta ɗaya a ƙasan tebur ya ga abin da zai iya faruwa. Ma'ajiyar fayil guda 2, ɗaya a shago ɗaya a wani gida da ke kan tudu, da ɗan abin da za a biya a ajiye mafi muhimmanci a intanet, da farantin sola da zai riƙe kwamfuta da caji, duka ba su kai rubu'in kuɗin kyamarar ba. Iyalin da ruwa ya cinye musu albam, in suka dawo shago suka tarar hotunan bikinsu na nan, ba za su sake zuwa wurin wani mai hoto ba.

Shi kuma ɗan'uwa da ke Ikko wanda aka aika ya sayo ta hannu, akwai abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗi. Labulen cikin kyamara yana da iyakar bugu. Na 5D Mark III an ƙiyasta masa 150,000, kuma ana iya haɗa ta da kwamfuta a ga nawa ta riga ta yi, kamar yadda ake duba mitar mota. Ya ɗauki hoton farin bango da ƙaramin baki, watau f/16, ya buɗe a babban allo ya ga ko akwai tabo ko layi a farantin. Ya haska tocila cikin gilashi ya duba ko akwai furfurar danshi, wadda ta zama ruwan dare a kayan da suka daɗe a bakin teku. Ya gwada ramukan katin duka biyu, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, domin a kan hanyar Damaturu ana iya tambayarsa takarda a shingen bincike.